Igiyar da Na Ɗaura a Reshen Bagaruwa

Ranar wata Laraba a watan Satumbar bara, da hantsi, na tsaya a bakin wata gonar shinkafa a ƙasar Japan ina yi wa wata yarinya sallama, ta ƙi amsawa. Tana tsaye a tsakiyar gonar, shinkafa ta kai mata ƙugu, sanye da rigar makaranta mai ruwan bula da 'yar hula rawaya, ta buɗe hannuwa biyu kamar mai tare akuya. Idona ba kamar da ba ne. Sai da na matsa har takalmina ya nutse a laka sannan na gane mutum-mutumi ne, an cusa tsumma a riga an kafa a kan gora. Ɗana Nasiru yana bayana yana dariya, yana cewa, "Baba, ƙara ɗaga murya, ƙila ba ta jin Hausa." Na so in taya shi dariyar, ta ƙi fitowa. Shekara sittin da 'yan kai ke nan rabon da in ga yarinya da kayan makaranta tsaye a gonar shinkafa, kuma waccan mutum ce mai rai. Yayata ce, ni ne kuma na tsayar da ita a wurin.

Bari in faɗi abin da ya kai tsoho irina can. Tun da mai ɗakina ta rasu nake zaune wurin 'yata Bilkisu, likita ce a Birmingham, flat ɗinsu yana Ladywood a hawa na shida. Nasiru kuma injiniya ne a Manchester, yana zaune wajen Hulme. Ba abin da suka rage ni da shi, amma zama ne ba na iyawa. Ina idar da sallar asuba zan sa riga biyu in hau bas zuwa Sparkhill, in bi Stratford Road daga wannan kai zuwa wancan, in leƙa shagon nama, in taɓa doya in ajiye, in dawo ban sayi komai ba. In na kwana goma a Birmingham sai in ji Manchester nake so, in na je can kwana uku sai in fara tambayar jirgin komawa. Bilkisu ta taɓa ce mini, "Baba, GP, likitanka, cewa ya yi ka riƙa ɗan tattaki, bai ce ka auna faɗin Ingila ba." To da wurin aikin Nasiru suka tura shi Japan na mako biyu, sai suka haɗa baki shi da ita, wai a tafi da ni ko ƙafar tawa za ta ƙoshi.

Da ya gama aikinsa a birni, wani abokin aikinsa ya kwatanta masa wani ɗan gari a tsakanin duwatsu, ya ce a kai tsoho ya huta. Muka shiga jirgin ƙasa mai tarago ɗaya tak, mu biyar a ciki har da direba. Ban taɓa shiga gari mai shiru irin wannan ba. Tituna a share, gidajen katako kowanne da tukwanen fure a ƙofa, ruwa yana gudu a 'yan ƙananan magudanai garai-garai har kana ganin kifi. Sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ji komai ba sai ƙarar wata na'urar sayar da lemo da ke tsaye ita kaɗai a bakin hanya. Duk wanda muka gamu da shi tsoho ne, ya rusuna mana, mu rusuna masa. Makarantar garin a rufe take, ciyawa ta cinye filin wasa. A masauki an cire takalmi a ƙofa kamar gida, an zauna a tabarma kamar gida, amma na kasa zama. Na tashi, na zauna, na buɗe taga, na rufe. Nasiru ya ce, "Baba, relax mana, hutu fa muka zo." Na ce masa shirun ne ya yi mini yawa. Shi ya sa muka fita yawo, har muka isa gonar nan.

Mai gonar wata tsohuwa ce da bayanta ya lanƙwashe. Ta fito daga tsakanin shinkafar da dogon takalmin roba, ta tuge mutum-mutumin, ta ɗauke shi a kafaɗa ta kai wani gefen ta sake kafawa. Nasiru ya yi mata magana ta wayarsa, wayar tana juya maganar. Ta ce rigar ta jikarta ce da ta koma birni. Ya tambaye ta me ya sa ta canja masa wuri. Ta ce in ya kwana uku a wuri ɗaya tsuntsaye sukan gane ba ya motsi, har su sauka a kan hularsa. Nasiru ya juyo zai fassara mini, na ce ya bari, na riga shi sanin wannan tun kafin a haife shi.

Ƙauyenmu yana kan wani tudu a gefen fadamar Haɗeja. Daga ƙofar gidanmu kana hango gonakin shinkafa a ƙasa, shimfiɗe har bakin ruwa. Mu biyu iyayenmu suka haifa da suka rayu, Yaya Talatu da ni, ta girme ni da shekara biyu. Sunana Salisu, amma Sale kowa ke kira. Kafin rana ta fito Yaya ta share tsakar gida, ta ɗebo ruwa tulu uku, ta taya Inna surfe, ni kuma in yanko wa awaki ciyawa in kwashe turke. Mu ci ɗumame a tsaye, mu ɗauki silet mu tafi makaranta, wadda aji huɗu ce kawai, ginin ƙasa da rufin kwano, da wani tsohon ƙarfen mota da ake bugawa a matsayin ƙararrawa. Shekara ɗaya aka ɗebe mu, don haka aji ɗaya muke. 'Yan mata uku ne a ajin, kuma Yaya ce ke zuwa ta ɗaya a kan kowa. In malami ya yi tambaya aka yi tsit, sai ya ce, "Talatu, fitar da su kunya." Ni ina can baya kusa da taga, ina kallon hanya. Baba bai taɓa son wannan makaranta ba. Daga sama aka aiko a ba da yara, ya bayar don ba yadda zai yi.

Ni dai tun ina ƙarami ba na zama. In ana langa ni ne na farko, in an gaji an zauna ana dara a ƙasa ni na riga na tafi wani wuri. Ina sassaƙa jirgin ƙasa da karan dawa, in haɗa tarago shida da ƙaya, in ɗaura zare in ja shi har bayan gari ina yi masa kuka da bakina. Jirgin gaske yana wucewa ta wata tasha mai nisan tafiyar awa guda daga wurinmu, in iska ta juyo mukan ji ƙuginsa, amma ban taɓa ganinsa ba. Inna takan dube ni in ina cin tuwo ina karkaɗa gwiwa, ta ce, "Sale, wai cinnaka ne a wandonka?" Yaya kuwa in ta sami littafi sai ta manta da duniya. Ita ta koya mini ƙullin zarge don ɗaure akuya, ta riƙe hannuna ta yi ta maimaitawa har na iya.

Idan shinkafa ta fitar da kai, ƙwayar tana da ɗan ruwa fari a ciki kamar madara, lokacin ne jan baki ke zuwa. Wanda bai gan su ba ba zai gane ba. 'Yan ƙananan tsuntsaye ne, amma in suka taso sai ka ce hadari ne ya haɗo, kuma in suka sauka a gona na ɗan lokaci, sai su matse ƙwayar su tsotse su bar maka ƙaiƙayi a tsaye. Kowane gida yakan kafa rumfar tsaro a gonarsa: itace huɗu dogaye, a shimfiɗa kara a sama, mutum ya hau ya zauna. Daga rumfar ake jan igiyoyin rama zuwa kowace kusurwa, a rataya musu gwangwanaye da tsakuwa a ciki, a haɗa bakin igiyoyin wuri ɗaya a hannun mai tsaro. In ka ga tsuntsu ya taso sai ka fizga, gona duka ta ɗauki ƙara, ka bi su da ihu da majajjawa. Ranakun makaranta Baba ne ke tsaron safe, mu karɓe shi in an tashi. Asabar da Lahadi kuwa namu ne: ni daga asuba zuwa azahar, Yaya daga azahar zuwa magariba. Abin da Baba yake gaya mini kullum shi ne, "In ka hau rumfar nan, ka manta kana da ƙafa."

Shekarar ina da shekara goma, muna aji huɗu. Wata Lahadi Baba ya tafi cin kasuwa tun da sassafe. Na hau rumfa da 'yar ƙwaryar furata, rana ta fara ɗagawa, iska tana kaɗawa daga gabas, sai ga ƙugin jirgi ya iso kunnena, siriri daga nesa. Na san ranar Lahadi yakan daɗe a tashar ana lodin gyaɗa. Na zauna, na tashi tsaye, na sake zama. Gonarmu ce ta ƙarshe a wannan gefen, layin bagaruwa ya raba mu da maƙwabta, ba mai ganin rumfarmu. Amma ana jin gwangwaninmu har gida, kuma na san kunnen Inna yana kai. A nan dabarar ta zo mini. Wani reshen bagaruwa ya miƙo kusa da rumfar, siriri, iska tana wasa da shi. Na jawo bakin igiyoyin na zarge su a jikinsa, na ja suka yi tauri. Iska ta kaɗa reshen, gwangwanaye suka amsa daga kusurwa huɗu. Na tsaya ina saurare, ina jin ba a taɓa yin yaro mai wayona ba. Sai na dira na sa gudu.

Na ga jirgin. Ba zan yi ƙarya in ce bai kai yadda na zata ba, ya ma fi. Baƙi ƙirin, yana huci, yana zubar da ruwan zafi ta ƙasa, wani mutum da baƙar fuska yana zuba masa gawayi da shebur. Na ƙirga tarago har na ɓata lissafi. Na taɓa jikinsa da tafin hannuna. Wata mai tallan rogo ta ba ni guntu kyauta don ta ga yadda na buɗe baki. Ban tuna da gona ba sai da ya ja ya tafi, tashar ta yi shiru, na ga hantsi ya yi nisa.

Tun daga nesa na ji gwangwanayena suna ta aiki, sai hankalina ya ɗan kwanta. Da na ratso bagaruwa na hango ƙarshen gonar ta wajen ruwa, sai na ga wurin ya yi duhu yana motsi. Suna kan shinkafar, wasu ma suna kan igiyar kanta, tana kaɗawa suna lilo. Ƙarar da ba ta tsayawa, ba ta ƙaruwa, ba ihun mutum a bayanta, ba su ɗauki lokaci ba suka gane ta. Na yi kansu da ihu da jifa, suka tashi kamar hayaƙi. Na kwance igiyar, na hau rumfa na zauna. Daga sama ba ka ganin ɓarnar, kan shinkafa yana nan a tsaye kamar lafiya. Ban je na duba ba. Ban so in sani ba. Da azahar Yaya ta zo da littafinta a hammata, ta ce, "Yau ka yi ƙoƙari, tun safe muke jin ka." Na miƙa mata igiya na tafi.

Da tsakar rana jan baki ba ya sauka, yana cikin inuwa. Mai tsaro na gaskiya ya san haka, ba ya wahalar da hannunsa a banza. Don haka Yaya ta naɗe igiyar a babban yatsan ƙafarta, ta buɗe littafi, tana ɗaga kai lokaci-lokaci. A haka Baba ya same ta da la'asar, ya biyo ta gona daga kasuwa ta wajen ruwa, ta inda ɓarnar take. Ya murza kan shinkafa a tafinsa ya hura, ba abin da ya rage. Fiye da rabin gonar ke nan, abincinmu na shekara. Ya ɗaga ido ya ga 'yarsa a kan rumfa, gwangwani shiru, littafi a cinya.

A tsakar gida aka yi maganar, kafin magariba. Inna ta ce ita dai tsakaninta da Allah, tun safe gwangwanin Sale bai huta ba, da azahar ne ta ji ya yi shiru. Gaskiya ta faɗa, abin da ta ji ke nan. Yaya tana kuka tana rantsuwa ko tsuntsu ɗaya bai sauka a gabanta ba, ita ma gaskiya ta faɗa. Baba ya juyo gare ni ya ce, "Kai fa?" Ina iya tuna kazar da ke tona a gindin turmi a wannan lokacin. Na ce, "Ni dai lafiya na bar ta." Kalma shida. Na yi ƙarya da yawa a rayuwata bayan wannan, a kan hanya da wajen mata da wajen iyayen gida, amma babu wadda ta ci abin da wannan ta ci. Baba ya ɗauki littafin, ya fita, ya jefa shi a kududdufin bayan gida. Ya dawo ya rantse cewa Talatu ta gama boko, tunda boko ya ci mana shinkafa. Hedimasta ya zo har sau biyu, Baba ya ce in ana son yaro ga Sale nan, a riƙe shi.

Daga washegari Yaya ce ke tsaro daga asuba zuwa magariba har aka yi girbi. Rigar makarantar ce rigarta mai ƙwari, don haka da ita take zuwa. Kowace safiya in na ɗauki silet na bi ta kan tudu, ina hango ruwan bular nan a tsakiyar gona. Sai na canja hanya, na riƙa zagayawa ta bayan masallaci. Shekarar mun ci tuwon dusa da ganyen tafasa kafin damina ta kawo ɗauki. Ni da aka bar wa karatun ban yi masa wani abin kirki ba: na lallaɓa na gama aji bakwai a garin hakimi, na gudu na zama karen mota, daga baya na zama direba. Shekara talatin da biyar ina kan hanya, Legas, Fatakwal, Agadas, Njamena. In na zo gida kwana biyu ne, in sauke wa Yaya atamfa da sabulu da buhun shinkafa, in ce sauri nake yi. Kullum da buhun shinkafa. Ta yi aure a ƙauyen, ta haifi 'ya'yanta, ta zama ita ake kira in mace za ta haihu. Ni kuma na sa 'ya'yana a makaranta da zafin da har mutane suna mamaki. Ranar da Bilkisu ta zama likita Yaya ta yi guɗa har muryarta ta dushe, na fita waje na ce zan duba mota.

Duk wannan ne ya taso mini a bakin gonar tsohuwar nan. Da yamma, ƙarfe biyar daidai, sai wata lasifika a kan dogon ƙarfe ta saki wani ɗan kiɗa mai sanyi, ya bi kwarin duka. Mai masaukinmu ya gaya wa Nasiru wai da can alama ce ta yara su bar wasa su koma gida, kuma har yanzu ana sa shi ko da yake yaran sun ƙare. Na karɓi wayar Nasiru na kira Yaya, a gida lokacin hantsi ne. Muka gaisa, na tambayi jikoki, na tambayi ƙafarta, ta ce jan baki sun sauka bana ma. Na buɗe baki, sai na ji ina ce mata a nan shinkafarsu gajera ce mai danƙo. Muka yi sallama. Washegari na matsa wa Nasiru muka bar garin, kwana ɗaya kafin lokaci.

Da na dawo Birmingham abin ya ƙaru. Mako uku ina fita tun safe, ba Sparkhill kaɗai ba, har unguwannin da ban san sunansu ba, ina bin bakin ruwan nan da jiragen kwale-kwale ke wucewa har ƙafata ta kumbura. Wata Lahadi da safe Bilkisu ba ta da aiki, ta same ni ina ɗaura takalmi, ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Ta ce, "Baba, yau ba inda za ka. Ko ka gaya mini abin da ke korar ka, ko in yi maka booking wurin GP." Na zauna a kan kujerar cire takalmi na gaya mata, tun daga reshen har kalma shidan. Ban taɓa gaya wa kowa ba, har uwarta. Bilkisu ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Gwaggo Talatu ce ta ɗaya a ajin?" Na ce ita ce. Ta ɗauko wayata daga aljihun rigata, ta nemo lambar, ta sa mini a hannu, ta shige kicin ta rufe ƙofa.

"Sale," in ji Yaya. "Yau kuma daga wace ƙasa?"

"Daga Birmingham, Yaya."

"To, madalla. An ga dama an zauna."

Na ce mata akwai maganar da nake so mu yi, ta shekarar da jan baki suka cinye mana gona. Na ce ba ita ba ce. Ina jin zakara yana cara a bayanta, da wata tana daka.

"Reshen bagaruwa," ta ce.

Na tambaye ta yadda aka yi ta sani.

"Washegarin da aka tsayar da ni na gan shi. Ɓawon ya saluɓe, ga zaren rama a maƙale. Wata biyu ina zaune yana gabana."

"Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa wa wa? Baba ya riga ya rantse. Da na faɗa, kai zai cire, ba mayar da ni zai yi ba, mu zama biyu a gona. Na dai ce kai za ka faɗa. Na ce da sallah. Na ce in ka gama makaranta. Na ce ranar da aka binne Baba. Daga nan na daina cewa, na riƙa karɓar shinkafarka ina dafawa."

Na ce ta yafe mini don Allah.

"Na yafe tun gashina yana baƙi," ta ce. "Amma kada ka ɗauka yafiyar ta mayar da ni aji huɗu." Sannan ta tambayi abin da ya tuno mini yanzu. Na ba ta labarin yarinyar tsumma mai rigar makaranta. Ta yi dariya har da tari. "Wato ni da nake da rai shekara sittin ban ishe ka ba, sai da ka je bangon duniya ka ga tsumma a kan sanda."

Kafin mu ajiye ta ce abu ɗaya ne ya tsaya mata. Littafin da Baba ya jefa a ruwa, labarin wani manomi ne da jakinsa ya ɓace ya bi sawunsa gari-gari, kuma saura shafi uku ta gama. Har yau ba ta san ko ya ga jakin ba. Mun nemi littafin, Bilkisu ta duba a intanet, Nasiru ya sa ɗaliban da ke zuwa hutu Kano su tambaya a kasuwa. Ba wanda ya san shi, mu ma mun manta sunansa. Sai suka riƙa kawo mini waɗansu littattafan Hausa, duk wanda suka samu. Idon Yaya ya yi hazo yanzu, ko da an ba ta ba za ta gani ba. Don haka ni nake karanta mata ta waya. Karatuna na direba ne, ina tuntuɓe, ita kuma ba ta bari ya wuce. "Koma baya, Sale, ka tsallake layi. Wai kai aka bar wa bokon."

A da ƙauyenmu cike yake da yara, kowace gona da nata, tun daga tudu kana jin ihu da gwangwani har faɗuwar rana, kuma a cikinsu duka ba wanda ya kai ni son barin wurin. Yanzu na ga garin da yara suka tafi suka bar tsofaffi da riguna a kan gora, na kuma zauna a hawa na shida a ƙasar da jikokina ba su san kukan jan baki ba, in na ba su labari sai su ce, "Grandad, why didn't you just use a net?" Wai me ya hana mu sa raga. An ce mini an sare bagaruwar tuntuni, an yi gawayi da ita. Ƙafata har yanzu tana ƙaiƙayi, ranar Litinin za ka same ni a Stratford Road ina taɓa doya. Amma ranar Lahadi, daga safe zuwa azahar, ina kan kujera kusa da taga, littafi a cinya, waya a kunne, ba na zuwa ko'ina. Lokacin tsarona ne, na dai makara da hawa rumfar.